Jana'izar Lauya Varga

Duk wanda ya taɓa aikin fim a Vancouver ya san ma'anar babban marubuci ya gayyace ka cin abincin rana. Ba ƙaunarka ce ta motsa masa ba. Kashe ka zai yi a cikin shirin, yana so ne kawai ka ji labarin da cikinka a cike. Shi ya sa ranar da Curtis Bhullar ya leƙo ɗakin kwalliya yana sosa ƙeya, ya ce, "Anti Noreen, kina da lokaci gobe mu je mu ci sushi?" sai da burushi ya suɓuce daga hannun Yolanda mai kwalliya.

"Shi ke nan, ƙawata," in ji Yolanda bayan ya fita. "An gama da ke."

Shekarar Noreen Kowalchuk sittin da ɗaya a duniya, bakwai daga ciki ta yi su ne tana fitowa a matsayin Lauya Varga, mai gabatar da ƙara a shirin talabijin na Zalɓe. Zalɓe shi ne jarumin: wani dogo mai rufe fuska, ya diro daga saman bene, ya cafke mugu, ya ɗaure shi jikin fitilar titi, ya yi gaba abinsa. To, wa zai kai mugun kotu? Wa zai tsaya gaban alƙali ya bayyana yadda aka yi wanda ake tuhuma ya iso a ɗaure, haƙora biyu babu? Varga mana. Minti huɗu take samu a mako, wani lokacin uku. A littafin zanen da aka ciro shirin ma, Varga wani ƙaton namiji ne mai sanƙo da bai wuce shafi shida ba. Noreen ce ta hura mata rai. Ita ta ƙirƙiro ɗabi'ar nan da kowa ya haddace: in Varga ta kusa tona asirin maƙaryaci, sai ta buga ɗan yatsa sau biyu a kan tebur, ƙwas, ƙwas, ta ce, "Ban gama ba, ya mai shari'a."

Kafin Varga kuwa, sana'ar Noreen gawa ce. Wallahi gawa. Shekara ashirin da biyar tana kwanciya wa finafinan 'yan sanda, yau a kwata, gobe a bakin teku, jibi a kan teburin likita. Ba wanda ya kai ta iya riƙe numfashi, har daraktoci kan nemi ta da suna, amma ko maƙwabcinta bai taɓa gane ta a talabijin ba. Varga ce ta fara ba ta baki. Tana ƙaunar matar nan har cikin ranta, kuma tana tsoron komawa kan teburin nan mai sanyi.

Washegari ana yayyafi kamar kullum, suka zauna a gidan abincin, aka kawo musu sushi, wato ɗanyen kifi da shinkafa irin na Japan. Curtis ya yi ta zagaye-zagaye. Ya yabi aikinta, ya yabi gashinta, ya ce jarumi ba ya girma sai ya rasa wani nasa.

"Kai, ɗan nan, kifinka zai koma ruwa kafin ka iso," in ji Noreen. "Yaya za ta mutu?"

"Guba. A cikin kofi."

"Za a nuna gawa?"

Curtis ya sunkuyar da kai, don ya san inda ta nufa. A wannan harkar, mutuwar da ba a ga gawa ba hutu ce kawai. Zalɓe da kansa ya mutu sau biyu. Babban mugun shirin ya faɗa rami sau huɗu, duk yana dawowa da sabuwar riga. Amma in aka buɗe akwati aka nuna fuska, aka rufe, aka zuba ƙasa, to sai dai a yi haƙuri.

"Za a nuna, Anti. Akwati a buɗe, a coci."

"Haba Curtis! Ko gadar nan taku ba za ku jefa ni daga kanta ba? Kowa kuna jefa shi, sai ni?"

"Manyan kamfani ne suka ce wannan karon suna son ta gaske."

Noreen ta cinye nata, ta ja farantinsa ta cinye rabin nasa, tunda dai shi ne mai kisan.

Ranar ɗaukar jana'iza, Yolanda ta shafe mata fuska da farar hoda tana share hawaye. "Bari kuka, za ki jiƙa mini gawa," in ji Noreen. Ta shiga akwati, ta ɗora hannu bisa hannu a ƙirji, ta rufe ido. Jikinta bai manta aikin ba ko kaɗan.

Matsalar Tanner ce, mai fitowa a matsayin Zalɓe. Allah ya ba shi tsawo da ƙirji, bai ba shi hawaye ba. Aka ɗiga masa magani a ido, ya yi kamar mai mura. Aka ce ya tuna karensa da ya mutu, ya ce ai karen yana nan lafiya lau. Sau goma sha huɗu ana ɗauka, darakta sai cizon hularsa yake yi.

Ana gyara fitilu, Noreen ta buɗe ido ɗaya. "Zo nan, dogo."

Ya durƙusa bakin akwatin. "Lauya, na kasa."

"Ka tuna ranarka ta farko? Ka manta duk abin da za ka faɗa, na rubuta maka a bayan fayil ɗina na riƙe maka kana karantawa?"

"Har yanzu ba wanda ya sani."

"To daga gobe babu mai riƙe maka fayil. Ka girma, Tanner. Na ji daɗin zama da kai, wallahi."

Gaskiya ta faɗa masa, ba wayo ba. Amma da aka kunna kyamara, ta ji muryarsa ta karye, ta ji hawaye mai ɗumi ya ɗigo mata a wuya, sai tsohuwar gawa ta gane abin da ta sani tun kafin a haifi rabin mutanen wurin: wannan ɗaukar ce za a yi amfani da ita, babu wata. Ta kuma san daidai inda idon kyamara ya tsaya, hannayenta suna can ƙasa a gefen hoton. Kowa ya zuba wa fuskar Tanner ido. Murfin akwati ya fara saukowa. Ɗan yatsanta ya ɗaga, ya sauka a bayan ɗaya hannun. Sau biyu.

Darakta ya yi ihun murna, aka tafa wa Tanner, aka ba Noreen furanni da kek. Ba wanda ya yi maganar yatsa.

Wata uku ta yi a gida tana fama da ciyawar lambu, tana fargabar an gano ta duk lokacin da waya ta yi ƙara. Marubuta ba su gani ba, masu tace hoto ba su gani ba. Amma akwai wasu bayin Allah da take dogaro da su: masoyan shirin nan marasa aikin yi, masu tsayar da hoto ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka taɓa rubuto wasiƙar ƙorafi don maɓallan rigar Zalɓe sun ragu da ɗaya. Aka nuna shirin ranar Talata. Kafin Laraba da hantsi yatsan ya zagaye intanet, an kewaye shi da jan layi.

Ranar Alhamis sai ga Curtis a ƙofar lambunta, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, riƙe da kofi biyu.

"Kofi?" in ji Noreen. "Kai ka fara kurɓa."

Ya kurɓa, yana dariyar dole. "Manya sun kira ni, Anti. Wai ni gwani ne, wai yaya aka yi na ɓoye musu wannan dabarar. Suna son Varga ta dawo a kashi na farko na sabon zango."

"Ka faɗa musu gaskiya?"

"Na ce na gode." Ya matso kusa. "Anti, tsakaninki da Allah, da gangan kika yi?"

"Ni? Shekara ashirin da biyar ina gawa, ka tambayi duk daraktan garin nan ko na taɓa motsa gashin ido."

"To na ba ta guba, na rufe akwati, na zuba ƙasa a gaban duniya. Yanzu yaya zan fito da ita?"

"Kai ne marubuci, ɗan nan. Kai ka binne ta, kai za ka tono ta."

Ya juya zai tafi yana dafe da kai. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, a kan katakon shinge. Ya waiwayo.

"Ban gama ba," in ji Noreen. "Minti huɗu sun yi mata kaɗan. Matar da ta dawo daga kabari tana da bayani."