Dutsen Bakin Kwalta

"Ina kwatar nan ta shiga?" in ji tsohon makaho mai saƙar kujeru. Sandarsa na shafar sabon daɓen gefen titi, sumul, ba ta cin karo da komai.

Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya ɗago kai. "An rufe ta, Baba. Gyara ya zo mana. Har masu tumbi fitowa suke da yamma, wai motsa jiki."

"Saiwar bishiyar fa?"

"An tumɓuke."

Tsoho ya shiga juya kai kamar mai sauraron hadari.

Shekara da shekaru shi kaɗai yake kai kansa rumfarsa. Warin kwata, saiwar nan, da tudun da ke bakin kwalta, su ne idanunsa. Yanzu an zaftare tudun an yi gangare, ƙafa ba ta sanin inda daɓe ya ƙare. Motoci kuwa, tunda ramuka suka tafi, ba mai taka birki.

'Yar tsohon ta zo wa mai takalmi da ƙorafi. "Kawu, ka yi masa magana. Na ce in riƙa raka shi, wai shi ba akuya ba ne da za a ja."

Mai takalmi ya san ba za a ji ba. Sai ya mirgino wani ƙaton dutse ya ajiye daidai inda kwalta ta fara.

Tsoho ya ƙwanƙwasa shi da sanda. "Mummuna, kamar kanka."

"Yaushe ka ga kaina?"

"Muryarka ta isa shaida."

Kullum sai sandar ta daki dutsen, tsoho ya tsaya, wani ya tsallakar da shi.

Wata safiya mai takalmi ya makara. Yana shan kwana ya hangi masu sharar titi suna tura baro, dutsen a saman shara. Can gaba ga tsoho, yana tafiya da saurin wanda ya yarda da hanya, sanda na nema. Mai takalmi ya ƙwala masa kira. Ƙarar babbar mota ta haɗiye muryarsa.

Bayan an yi jana'iza, 'yar ta kawo wa mai takalmi takalman uban a leda. "Ko wani zai so."

Ya kifa su a cinyarsa. Dugadugan lafiya ƙalau. Gaban ne ya cinye har ya huje, wajen babban yatsa, inda tsoho yake laluben ƙasa.