Ƙafar Malam Minco

A garinmu Gabrovo, in ka ga mutum yana tuƙi hannu biyu a sitiyari, wuya a miƙe, yana ta leƙen madubi kamar an kira shi daga baya, ba sai ka tambaya ba, ɗalibin Malam Minco ne. Rabin garin a hannunsa suka koyi mota, sauran rabin kuma 'ya'yansu ne. Dukiyarsa 'yar farar mota ce mai allon 'yan koyo a ka, mai birki biyu, ɗaya a ƙafar mai tuƙi, ɗaya a gefen dama inda malam yake zama. A wannan kujera ta dama ya yi furfura.

To, gwiwa ta fara yi masa gardama, likita ya ce ya huta. Kowa ya ɗauka makarantar za ta koma hannun 'yarsa Zlatina, wadda ta daɗe da samun takardar koyar da tuƙi. Sai Malam ya ce atafau, sayarwa zai yi, har ya sa wani mutumin garin Sevlievo ya zo ranar Litinin ya ga mota.

"Ƙafarki nauyi gare ta," in ji shi. "Mai son gudu ba ya koyar da tuƙi. Ba zan ba ki 'ya'yan mutane ki kai su rami ba."

Maganar ta yi wa Zlatina ciwo ƙwarai. A kujerar bayan motar nan ta girma, a nan take aikin makaranta tana jin ubanta yana cewa "a hankali, a hankali". Makarantar take so, ba ta kuma son komai kamarta. Amma ta san gardama da Malam Minco ɓata yawu ne, sai ta bi masa ta inda ake bi wa mutanenmu. Ranar Lahadi akwai taron masu sha'awar gudu a tsohon filin jirgin sojoji, inda masu gidan burodi da masu cire haƙori suke zuwa da motocinsu su sauke abin da ke ransu. Ta je ta biya kuɗin shiga na mutum biyu, sannan ta dawo ta gaya masa ba a mayarwa.

"Ba a mayarwa?"

"Ko kusa, Baba."

Ya yi tsaki, ya ce a nemo masa hular kwano ta aro. Ɗan Gabrovo ya gwammace ya karye da ya ga abin da aka biya ya tafi a banza.

Da safe suka isa filin, mahaifiyar Zlatina ta cika musu kwando da banitsa, gashin fulawar nan namu mai cuku a ciki. An jera tsofaffin tayoyi an yi hanya mai kwana-kwana, ga kuma doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da jirage suke tashi a da, ƙarshenta wata muguwar kwana ce ta hagu. Motoci ja da baƙi sai gurnani suke, sai ga 'yar farar Malam ta shigo a tsakiyarsu da allonta a ka. Filin ya ɗauki shewa.

Wani ƙato mai jar riga ya taho da gudu, hannu a buɗe. Plamen ne, likitan haƙori, wanda sai da Malam ya sha fama da shi kafin ya iya shiga baya da baya.

"Malam! Kai ne a nan? Ashe da rabon in ga wannan rana! Ka yi ɓatan hanya ne?"

"Kai dai ka gyara tsayuwar motarka," in ji Malam. "Dubi yadda ka cinye wurin mutum biyu. Haka na koya maka?"

Aka ɗaga tuta, aka sake su ɗaya bayan ɗaya. Zlatina na tuƙi, Malam na zaune a dama, hular kwano ta rufe masa gira, hannu ɗaya ya damƙe marikin ƙofa. Ta yi niyyar ta nuna masa abu ɗaya ne kawai, cewa ta san mota ciki da waje, ta san inda take yarda da inda take ƙi. Zagayen farko ta bi shi a tsanake. A na biyu ta fara sakar wa motar mara, sai ta ji wani abu da ba ta gane ba. Tana taka totur, inji na kuka, amma motar na tafiya kamar an ɗaura mata buhunan dankali.

"Kwana! Kwana!" in ji Malam.

"Na gani, Baba. Da saura."

"Babu saura! Rage!"

Ba su jima ba wani wari ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Zlatina ta yi niyyar fita a ƙarshen zagayen ta duba. Suka hau doguwar hanyar, kwanar hagu na matsowa, ta sa ƙafa ta taka birki. Birkin ya tafi zuruf har ƙasa, kamar ta taka tumatir.

Ta sake takawa, ta sake, babu. A gefenta Malam ya turje nasa birkin da ƙafa biyu yana kiran duk waliyyan da ya sani, nasa ma babu. Ga tulin tayoyi a gaba. Zlatina ba ta yi gigin shan kwanar ba. Ta sauko da giya, inji ya yi ihu, ta sake saukowa, ta karkata sitiyari kaɗan ta bi ta wata kafa tsakanin tayoyi da tarin ciyawa, tana jan birkin hannu sannu-sannu tana saki. Motar ta faɗa cikin gonar wani bawan Allah, ta yi ta tsalle a kan kunyoyi, ta zo ta tsaya cak a gaban wata akuya. Akuyar ta dube su ta ci gaba da tauna.

Sai da Malam ya sami numfashi, ya laluba jikinsa ya ji komai na nan, sannan ya juyo.

"Kin gani? Kin gani ko? Kin ƙone min birki! Shekara da shekaru motar nan ba ta taɓa yi min haka ba!"

Zlatina ta ga makarantar ta tafi ke nan.

Aka jawo su da igiya zuwa inuwar rumfa, maza suka taru a kan motar, kowa ya zama bakanike. Tayoyi sai hayaƙi suke. Rusi, bakaniken gaske, wani tsoho mai yatsu kamar sifana, ya buɗe gaban motar ya leƙa kwalbar man birki ya yamutsa fuska.

"Malam, yaushe rabonka da sake wannan man?"

"Mai ne fa. Mai yana ruɓewa?"

"Dubi launinsa, ko gahawa ba ta kai shi baƙi ba. Ya sha ruwa, ya ji zafi ya tafasa, shi ya sa birki ya tafi ƙasa." Ya kai hannu kusa da taya ya janye da sauri. "Amma ko da tsohon mai, zagaye kaɗan ba ya kawo wannan zafi. An dai yi ta goga birkin nan."

Plamen ya iso yana cire safar hannu, bakinsa har kunne.

"Ai ni na ga komai, ina bayansu. 'Yar Malam, ke kuma wane salo ne wannan? Tun da aka sake mu fitilar birkinki a kunne take, ja wur, har a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a birki? Na ce yau na ga gudun matsorata!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai mata haka suke, suna so suna tsoro. Wani ya ce a mayar da ita ajin farko.

Zlatina ta daskare. Ƙafarta ta hagu ba ta kusanci birki ba ko sau ɗaya. A motar nan ƙafa ɗaya ce kawai za ta iya kunna wannan fitila ba da saninta ba. Ta saci kallon ubanta. Yana tsaye da hular kwano a hannu, ga tsofaffin ɗalibansa kewaye da shi, mutanen da har yau in sun hango shi a titi sai su rage gudu. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma za ta zubar da shi a gabansu. Ta haɗiye, ta ɗaga kafaɗa.

"To, ai koyo ake," ta ce.

Dariya ta ƙaru. Malam Minco bai yi dariya ba. Ya dubi 'yarsa, ya dubi Plamen, sannan a hankali ya sunkuyar da kai ya dubi takalminsa na dama. Kunnuwansa suka yi ja. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to shi nasa a zahiri ya taka shi tun daga tutar farko.

"Kai, Plamen, rufe mana baki," ya ce. "Ba ita ba ce. Ƙafata ce."

Ido ya koma kansa.

"Ban ma san na ɗora ta ba. Ita ta saba, da an ce gudu sai ta hau." Ya nuna Plamen da hular. "Kai kuma da kake wangale baki, da kai ne birki ya ƙwace wa a wannan kwana, da yanzu ana tsintar haƙoranka a cikin tayoyi, a rasa mai mayar maka da su. Ka ga yadda ta sauko da giya? Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Malam."

"To, ni na koya mata."

Wannan karon dariyar da aka yi har Rusi sai da ya riƙe ciki. Zlatina ma ta yi, idonta na ƙaiƙayi.

Aka bar birki ya huce, aka buɗe kwandon banitsa, Plamen ya kawo sabon mai daga motarsa. Da Malam ya ji kyauta ne bai yi gardama ba. Sakin tsohon mai aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙarƙashi da sifana, ɗaya a kujera yana taka birki. Zlatina ta shiga ƙarƙashi, Malam ya hau kujera, yau ita ce mai ba da umarni.

"Taka! Riƙe! Baba, na ce riƙe!"

"Ai na riƙe!"

"To, saki."

Da suka gama bai fito ba. Ya miƙa hannu ta taga ya ce Rusi ya ba shi sifana ƙarama. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ya cusa kai ƙarƙashin kujerar dama, yana nishi yana zagin notuna, har ya kwance birkinsa ya fito da shi. Ya naɗe shi a jarida ya sa a but ɗin mota.

"Baba, in kana so ka zauna a rumfa..."

"An biya na mutum biyu," ya ce, ya ɗaura bel.

Me za a ce da wannan zagaye? Motar ta tashi kamar an kwance mata dabaibayi. Suka hau doguwar hanya, allon 'yan koyo na kaɗawa a ka. Ƙafar Malam ta yi ta dukan banza a kan tabarmar mota, dum, dum, dum. Suka wuce inda shi zai taka birki, suka wuce inda yake ganin mai hankali zai taka, Zlatina ba ta taka ba. Malam ya runtse ido. Sai can ta taka, sau ɗaya, da ƙarfi, motar ta durƙusa ta sha kwanar nan sumul ta miƙe. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga suna raye, ya ga kuma jar motar Plamen a gabansu kaɗan.

"Wancan Plamen ne?"

"Shi ne."

"To, me kike jira? Bi shi mana!"

Ba su kamo shi ba, ina 'yar motar koyo za ta kamo wannan dodo. Amma an ce har rumfa ana jin ihun Malam.

Da la'asar suka kama hanyar gida, Zlatina na tuƙi. Tana so ta tambaye shi zancen mutumin Sevlievo, bakinta ya yi nauyi. Sai da suka fara hawan dutse ya gyara murya, yana kallon waje.

"Gobe da safe akwai darasin matar mai gidan burodi. Tsoron manyan motoci take, in ta ga ɗaya sai ta saki sitiyari ta rufe fuska. Kada ki yi mata tsawa, kuka take yi." Ya nuna but da babban yatsa. "Ki mayar da birkin nan kafin ki je ɗaukarta. Ki ɗaure notin da kyau."

"To, Baba," ta ce, murna ta cika ta.

Ta jira ya ci gaba, don ta san in ya fara wa'azi sai an isa gida. Ba ta ji komai ba. Da ta waiga sai ta ga kansa ya jingina da gilashi, baki a buɗe, ƙafafu a miƙe, yana jan minshari. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin ubanta ya rufe ido a cikin mota wani na tuƙi ba.

Ta rage rediyo, ta rage gudu, ta riƙa kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Motoci suka taru a bayanta suna ta oda, wani direban babbar mota ya wuce yana ɗaga mata hannu yana cewa 'yan koyo sun dame su. Ba ta ƙara ko kaɗan ba har Gabrovo.