Riƙe Min Bakin Kabad

Auta ya zo sabon gidan da suke yi wa aiki da jaka a kafaɗa, don ya yi wa yayansa sallama kawai. Ya samu gurbi a wata masana'antar kujeru a wani gari, kuma abokinsa direban babbar mota zai kai shi gaban manajan yau ɗin nan. An faɗa masa a fili: idan bai zo yau ba, wani za a ɗauka. Kada sunan Auta ya ruɗe ku. Magidanci ne, furfura ta fara tsiro masa a gemu, amma tun yana saurayi yake kafinta a shagon Yaya, kuma har yau ko ƙusa ba ya saye sai ya tambaya.

Ya tarar da Yaya a kicin, durƙushe gaban kabad. An riga an ɗora saman, irin allon nan da a ido kamar dutse amma zarto ke yanka shi. Saura a liƙa masa baki, wato dogon siririn yankin da ke rufe gefen gaba.

"Yaya, na zo in yi maka sallama. Mota na waje."

"Madalla. Ajiye jakar, riƙe min nan."

Kafin Auta ya ce uffan, Yaya ya zuba gam a tsawon gefen, ya ɗaga yankin ya manna. Hannun Auta bai yi shawara da shi ba, ya kai kansa yadda ya saba. Ya danne da tafi biyu, ya tokare da gwiwa. Yaya ya ɗaure wancan ƙarshen da ƙarafan matsi, ya miƙe yana goge yatsu.

"Ina ƙarafan wannan ɓangaren?" in ji Auta.

"Suna shago. Tsufa, Auta. Mantuwa ta yi min yawa."

Mutumin da bai taɓa manta fensir a wurin aiki ba ke nan.

Gam ɗin launinsa ɗaya da allon. Idan an danne shi ba motsi har ya kama, haɗin yakan ɓace, ka rantse abu ɗaya ne. Idan aka ɗan sassauta, iska ta shiga, baƙin layi ya fito har abada. Kuma wannan ne yanki na ƙarshe daga allon, wani ba zai zo da launi ɗaya ba. Auta ya san duk wannan fiye da sunan 'ya'yansa.

Direba ya danna hon a waje.

"Yaya, zo ka karɓe ni."

"Ka ɗaga hannu in sa nawa? Ni na koya maka haka?"

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Yaya ya kifa bokiti ya zauna. "Masana'anta! Za su sa maka hula, su manna maka lamba a ƙirji, ka yini kana huda rami ɗaya a katako. Kai da ke gane karkatar kabad tun daga bakin ƙofa."

Waya ta fara ruri a aljihun Auta.

"Don Allah ciro min ita."

Yaya ya ɗaga tafukansa. "Duk gam ne. In ɓata maka wando ranar tafiya?"

Gumi ya gangaro wa Auta cikin ido, ba hannun sharewa. Warin gam ya cika ɗakin. Ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa. Sai ga kan direba a taga.

"Kai Auta, tuba kake yi wa kabad? Kayan mutane ne a bayana, ka taso mu kama hanya."

"Ɗan jira, ya kusa kamawa."

"Saki abin mana! Kicin ɗinka ne? A nan matarka za ta yi girki?"

Yaya ya taso ya danna farce a gam ɗin da ya tsattsafo ta haɗin. Farcen ya nutse. "Da saura," ya ce, ya koma bokitinsa.

Zan faɗi abin yadda yake. Yaya bai kulle ƙofa ba, bai ɗaga murya ba. Ya duba ƙaninsa ya nemo abu mafi kyau a halinsa, cewa ba ya iya ɓata aiki, ya ɗaure shi da shi. Wannan zalunci ne, ko da uwa ɗaya ta haife su. Auta ma ba zan wanke shi ba. Yana da baki lokacin da aka ce ya ajiye jaka.

Direba ya tsaya kaɗan, ya yi tsaki. "Na yi iya nawa, abokina." Kansa ya ɓace daga tagar. Auta ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji inji ya tashi. Bai ɗaga hannunsa daga kan yankin ba. Ya bi ƙarar da kunne har ta sha kwana.

Da gam ya kama, da ƙyar ya iya miƙe gwiwa. Yaya ya bi haɗin da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ka gani? Wa zai yi min wannan in ba kai ba?"

"Gobe zan bi motar haya," in ji Auta, "ko za su saurare ni."

"Allah ya kai mu. Sai dai gobe mai gidan zai zo ganin na banɗaki." Ya miƙo masa sanfefa, takardar goge katako. "Fara daga gefen taga, kafin haske ya juya."

Auta ya karɓa, ya sake durƙusawa.