Hannun Wanzam Nomau a Kan Maɗiga

Daga rumfunan goro har tashar manyan motoci, babu wanda bai san Wanzam Nomau ba a unguwar Adjamé ta birnin Abijan. Wanda bai san shi ba kuwa, shi zai tare shi ya ba shi labari. Da ƙafa ya baro Madawa, zabira a kafaɗa. Agana ta kama shi a Kumasi, ta gaji ta sake shi. Motar goro ta kife da shi a hanyar Buwake, aka yi ta kwasar mutane, shi ya tashi yana neman hularsa. Sau uku ana ɗebe shi a kamen marasa takardar zama, sau uku yana aske kan wanda ya kama shi ya dawo gida. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya shafa kan mutum sau ɗaya ya san inda gashi ya kwanta da inda ya juya.

A shekarar 1998 hannunsa na dama ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ya zuba masa a riga. Ya ce kofin ne ya cika. Dama masu aski sun ragu, samari sun koma shagunan inji, wasu kuma suna tsoron cutar zamani a bakin aska. Abin da ya rage masa shi ne askin suna. Duk Bahaushen da aka yi wa haihuwa, daga Adjamé har Treichville, Nomau ake kira ran bakwai.

Ana nan sai matar ɗansa Kailu, Lailatu, ta haifi mace. Ana gobe suna, Nomau na zaune yana wasa aska a kan fata, sai ga Alhaji Mika'ilu mai goro, abokin tsokanarsa na shekara talatin.

"Sarkin aska, wa kake wasa wa?"

"Amaryata. Gobe zan yi mata kwalliya."

"Af, ba ka ji ba? Ɗanka ya sayo ɗan ƙaramin injin aski, tondes na jarirai. An ce uwar ta ga shayi a rigarka ranar barka."

Nomau ya ci gaba da wasa askar. Alhaji ya zauna, ya rage murya.

"Ba wasa nake ba yanzu. Gidan Ɗan'azumi ma an haihu, sun ce sai sun ga abin da za a yi gobe. In ɗanka na cikinka bai ba ka kai ba, wa zai ba ka?"

Nomau ya naɗe fatar, ya rataya zabira. "Tashi ka raka ni. Ina son shaida, ko da mai goro ne."

Suka hau mota suka haye gada. Shagon Kailu yana wani lungu bayan kasuwar Treichville, da madubi bango guda da hotunan kawuna iri-iri. Mutum huɗu na jiran layi. Kailu, wanda a nan Abijan aka haife shi, Faransanci ya fi zama a bakinsa, ya kashe inji ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko ai da na zo."

"Ina abin?"

Kailu ya gane. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da shi. Nomau ya karɓa da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Wannan ƙudan zuman za ka ɗora a kan jikata?"

"Baba, fardon, yi haƙuri. Ba ya yanka. Yana da sauri, minti biyu an gama. Ba ruwa, ba sabulu, ba jini."

"Ba aski kuma. Wannan ai kiwo yake yi, ya ci sama ya bar gindi. Ni na aske ka ran sunanka, na aske yayyenka uku. Wanne a cikinku ya rasa kunne?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Kailu ya sunkuyar da kai. "Wancan lokacin daban, Baba. Hannunka..."

"Faɗi mana. Hannuna me?"

Kailu ya kawar da kai ya dubi madubi.

"To ga magana," in ji Nomau. "Zauna. Ka aske rabin kanka da babban injinka, ka ƙure shi iyakar ƙurewa. Ni in aske rabi. Alhaji ya goga auduga. In auduga ta maƙale a gefena, ko aka ga ɗigon jini ko da na sauro ne, zabirar nan a ruwan ƙarƙashin gada za ta kwana. In ba haka ba, gobe kan yarinya nawa ne."

"Ka yarda, Kailu!" wani daga layi ya ce. "Mu ma mu ga fim kyauta."

Ba yadda zai yi a gaban mutane. Ya zauna gaban madubi ya kunna inji, ya bi gefen hagu sau uku, har fatar ta yi ja. Minti huɗu ya gama.

Nomau ya aika maƙwabciya mai sayar da kofi ta kawo tafasasshen ruwa. Ya tsoma askar a ciki ya bar ta.

"Ku kalla da kyau, masu tsoron cuta. Tun ba a haifi lokotoronku na asibiti ba nake dafa ƙarfena."

Ya sirka sauran ruwan, ya jiƙa gefen dama, ya murza sabulun salo har kumfa ta tashi, ya yi ta shafawa da tafin hannu. Bai yi gaggawa ba. Gashi, in ji shi, sai ya sha ruwa ya ƙoshi yake sallamawa. Da ya ɗaga askar kowa ya ga bakinta na kaɗawa a iska. Sai ya kafa ɗan ƙaramin yatsansa a kan ƙashin kai, ya ja fata da babban yatsan hagu, rawar ta tsaya cak. Askar ta sauka tana wani sauti siriri, kumfa da gashi na taruwa a bayan hannunsa.

"Yaya kake ji?" Alhaji ya tambaya.

"Sanyi," in ji Kailu. "Wancan gefen zafi yake min."

"Ai dole. Ka sa maƙera a kanka."

Da aka gama, Alhaji Mika'ilu ya yagi auduga ya goga a hagu. Ta bar farin gashi-gashi ko'ina, kan ya zama kamar gonar audugar da aka tsince rabi. Ya goga a dama, ta zame ta faɗi ƙasa. Aka duba bayan kunne, aka duba ƙeya, babu jini.

Shago ya ɗauki sowa. Nomau ya goge askarsa yana kallon rufi kamar ba shi ba.

"Saura ka ƙarasa min, Baba. Ba zan fita haka ba."

"Injinka ya ƙarasa maka."

Amma ya ƙarasa masa. Yana cikin yi Kailu ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ka ci, Baba. Sai dai kaina ƙashi ne, ka sami wurin kafa yatsa. Ita jaririyar, tsakiyar kanta motsi yake. A ina za ka kafa?"

Nomau ya ce, "Rufe bakinka, kumfa za ta shiga."

Maganar ta bi shi har Adjamé. Ya san gaskiya ce. Rabonsa da kan jariri wata biyu, kuma wata biyun nan hannun ya ƙara lalacewa. Bai gaya wa kowa ba.

Washegari da hantsi, bayan an raɗa wa yarinya suna Zalihatu an raba goro, tsakar gidan hayar su Kailu ta cika. Maza a kan tabarmi, mata a bakin ƙofofi, har maƙwabta 'yan ƙabilar Dioula da Baule sun leƙo. Ɗan'azumi ma ya zo, ya zauna a gaba. Lailatu ta ƙi ba tsofaffin mata jaririyar, ita da kanta ta kawo ta, ta durƙusa.

"Baba, ga ta. An ce ka ci caca da kan mijina. Wannan ba ta da rabi biyu."

"Ɗiyata, zauna nan kusa ki sa ido. In kin ga ja, ki ƙwace ta, ki ƙwace askar."

Ya karɓi yarinyar ya kwantar a cinya. "Amarya, ke ce kika tayar da Abijan? Ko sadaki ban biya ba."

Ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu kaɗan. Gashin laushi gare shi kamar na ɗan tsako. Ya fara daga ƙeya, yatsa a kan ƙashi, ya bi gefen kunnen dama, ya bi na hagu. Yana tara jiƙaƙƙen gashin a ɗan ƙoƙo, ko sili bai faɗi ƙasa ba, don za a auna shi a yi sadaka. Yarinya ko motsi, har hamma ta yi. Mata suka fara guɗa.

Saura tsakiya. Maɗigar na bugawa a hankali ƙarƙashin kumfa, faɗinta ya kai yatsa uku. Ya nemi inda zai kafa yatsa, duk inda ya taɓa kusa laushi ne. In ya kafa daga nesa, askar ba ta kaiwa. Ya ɗaga hannu, bakin askar ya kama kaɗawa. Ya ji Lailatu ta ja numfashi ta riƙe. Injin nan ƙarami yana aljihun Kailu, ya ga igiyarsa ta leƙo.

Nomau ya ɗaga kai ya daka tsawa.

"Kai, Kailu! Kana tsaye kamar sandar lantarki! Ɗan wanzami, jikan wanzami, ba ka san yadda ake bin maɗiga ba. In na mutu ƙudan zuma zai koya maka? Zo nan. Durƙusa. Kama wuyan hannuna, nan, ka ji yadda ake tafiya."

Kailu ya dubi ubansa, uban ya dube shi. Ya durƙusa ya kama wuyan hannun da hannu biyu, ya riƙe gam.

"Ba a dannawa. Kana ji? Shafa ake yi. Kwantar da bakin. Haka. Bi inda gashi ya kwanta, kada ka yi masa gardama."

Sau biyar askar ta wuce. Kan ya fito fes yana sheƙi, maɗigar na bugawarta. Nomau ya wanke shi, ya shafa man kaɗanya, ya miƙa wa uwar. Lailatu ta juya kan ta duba ta ko'ina, ta sa leɓe ta sumbaci tsakiyar, sannan ta saki kuka da dariya tare.

"Sarkin aska," Alhaji Mika'ilu ya ɗaga murya, "yau kai ɗaya mutum biyu?"

"Makaranta na buɗe. Kai ma in kana so kawo kanka, sai dai naka ba abin da ya rage a aske."

Aka yi dariya. Ɗan'azumi ya matso ya tsuguna.

"Wanzam, namu ran Talata ne. Ka zo." Ya dubi Kailu. "Ka zo da ɗalibin naka."

Nomau ya naɗe askar a tsumma, ya sa a zabira, ya ɗaure bakinta a hankali. Ya juya ga Kailu, wanda har yanzu yake durƙushe da kumfa a yatsu.

"Ka ji. Talata, bayan asuba, a Adjamé. In ka makara da minti ɗaya na kore ka. Kuma ka bar ƙudan zuman nan a gida."