Yadda Na Koya wa Baban Biyu Ribas

Ranar da Baban Biyu ya karɓo lasisin tuka babbar mota, babu wanda bai nuna wa ba a layinmu, har da mai gyaran takalmi da ko kallonsa bai yi ba. Shekara tara mijin nan nawa yana tuka ƙaramar motar rarraba burodi, kullum yana cewa shi ba a nan zai ƙare ba. To, lasisi ya samu. Saura aiki.

Aikin kuwa iri biyu ne a kamfanin da ya nema. Akwai jigilar cikin gari: ka yi lodi da safe, ka bi shaguna kana saukewa, yamma ta yi ka koma gidanka. Akwai kuma dogon zango, inda mutum zai tafi sati uku, ya dawo kwana huɗu, a wanke masa kaya ya sake ficewa. Ba sai na gaya muku wanda yake so ba. Har taswira ya sayo ya manna a bangon falo, ya matsar da hoton 'yan biyunmu gefe don ta samu wuri.

"Maman Biyu, direban gaske hanya yake ci," in ji shi. "Wannan zagayen cikin gari, me ya raba shi da burodi?"

"Babu," na ce. "Shi ya sa nake son sa."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ni kuwa har cikin raina nake nufi. Babana direban dogon zango ne. Sai da na kai shekara biyar kafin na daina ɓuya a bayan Mama in ya shigo gida, don na zaci baƙo ne mai yawan kawo tsaraba. Yaranmu yanzu shekararsu uku, kuma ba na son su yi wa ubansu irin wannan kallon.

Yayana makanike ne a garejin kamfanin. Na je wurinsa na same shi a ƙarƙashin wata tirela, ƙafafunsa kaɗai ake gani, na tsuguna na zayyana wa ƙafafun damuwata.

"Ke dai ba kya rabo da rigima," ya ce daga can ƙasa. "Oganmu ba takarda yake dubawa ba. Durom shida yake jerawa, uku nan uku can, ya ce ka shiga tsakaninsu da baya. Wanda ya shige bai taɓa ko ɗaya ba, cikin gari zai ajiye shi, don lungunan kasuwa sai mai hannu. Wanda ya taɓa durom amma ya iya miƙe hanya, sai a haɗa shi da tsohon direba su tafi dogon zango. Can ai gaba kawai ake yi."

"Wato in ya ƙware a ribas, yana gida?"

"Ni dai ban ce miki komai ba."

Da na koma gida na gyara fuska na ce, "Baban Biyu, Yaya ya ce dogon zangon nan ba a ba wa kowa sai gwanin ribas. Durom ɗaya ka taɓa, ka koma zagayen gari."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ai sai a dage."

Haka muka fara. Yaya ya ara mana wata tsohuwar tirela da ke jiran fenti, da filin bayan gareji. Na rufe keken ɗinkina sati biyu cur, masu kaya suna ta yi min waya ina cewa ba ni da lafiya. Kullum da hantsi ina tsaye a bayan mota da lema a hannu, ita ce alamata: in na ɗaga ya taho, in na sauke ya tsaya.

Ranar farko ya kashe min jiki. Ita tirela in kana son bayanta ya yi dama, hagu za ka murza sitiyari, shi kuwa hannunsa ya saba da motar burodi. Ya kwashe durom huɗu a tashi ɗaya, ɗaya ya gangara har bakin katanga, kaji suka watse.

"Hagu na ce, bawan Allah. Ɗaya hagun."

"Hagunki ko haguna?"

"Na motar. Sauko ka duba da idonka."

Saukowar nan ita ce ya fi tsana. Wai girmansa zai zube in aka ga direba yana sauka yana leƙen bayan motarsa. Na ce girman ya zube, ni zan kwashe. A rana ta biyar durom biyu ya taɓa. A ta tara, ɗaya. Zuwa ƙarshen sati na biyu yana shigewa sumul kamar zare a allura, ni kuma na yi baƙi har maƙwabciyata ta tambaye ni ko gona na koma.

Ranar gwaji na kasa zama. Na buɗe keke in rage aiki, na ɗinke hannun rigar mutane a wuya. Wajen azahar Yaya ya kira.

"Mutuminki bai taɓa ko ɗaya ba. Oga ya ce Litinin ya fara, cikin gari."

Na ajiye waya na taka rawa a tsakar ɗaki, yaran suna taya ni ba su san dalili ba. Sannan na wanke fuska, na zauna ina gwada yadda zan nuna baƙin ciki.

Da la'asar ya shigo. Ya zauna a kujera ya cire takalmi, yaran suka haye shi.

"Yaya aka yi?" na ce, murya a sanyaye.

"Cikin gari."

"Kai, amma ba su kyauta ba. Duk wahalar nan da muka sha?"

"Maman Biyu," ya ce, "ajiye fuskar nan, ba ta yi miki kyau."

Na ajiye ta, ya ci gaba.

"Zancen durom ɗin nan, mai shayin bakin gareji ma ya san shi. Tun kafin ki je wurin Yaya na sani."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na ce, "To me ya sa ka biye min?"

Ya sauke ɗaya daga cikin 'yan biyun daga wuyansa ya zaunar da ita a cinya.

"Da niyyata in bar ki ki gama, ranar gwaji in ɗan goga ɗaya. Yau na shige sauran durom ɗin, na ga na ƙarshe a madubi. Murzawa kaɗan ce, ko Oga ba zai gane da gangan ba ne. Na taka birki na tsaya, har ya zaci motar ce ta mutu. Wallahi na so in taɓa shi. Shekara tara nake son hanyar nan."

"Sai me?"

"Sai na ga in mace ta yi sati biyu a rana tana yi maka ƙarya, ba ƙaramin abu take tsoro ba."

Na samu abin da nake so, amma ban yi zaton zai yi min nauyi haka ba. Na so in ce ya yi haƙuri, na so in ce na gode, sai kawai na tashi na kwashe takalmansa na kai bakin ƙofa. Shi kuwa ya jingina da kujera ya lumshe ido, ya ce ranar Litinin in tashe shi ƙarfe biyar, shaguna goma sha ɗaya ne a takardarsa.