Bakteriyar Lambun Baba

A gidansu an manta rabon da a kira ta da sunanta na gaskiya. Shekara biyar ke nan tana karatun digiri na uku, kuma duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta gama sai ta ce, "Ai saura ƙiris." Ƙannenta, da ba su da aiki sai tsokana, suka raɗa mata Dakta Ƙiris, sunan kuwa ya bi ta har ɗakin gwaje-gwaje.

Aikinta a kan bakteriya ne, mitsi-mitsin halittun nan da ido ba ya gani, waɗanda ta ɗebo daga ƙasar lambun tumatirin babanta a bayan gida. Ta sha yi wa tsohon bayani cewa su ba daga iyaye kaɗai suke gado ba. Wata takan karɓi ƙwayar gado daga maƙwabciyar da ba su haɗa dangi ba, ta riƙe abinta, har ta bar wa 'ya'yanta.

"Wato aro ba mayarwa," in ji Baba. "Na san irinsu. Tsanina yana gidan ɗaya daga cikinsu."

A kan irin wannan aron babin ƙarshe na kundinta ya tsaya, kuma ran Alhamis Farfesa, mai duba aikinta, zai sa hannu ko ya ƙi. Akwai wata ƙwayar gado a jikin bakteriyarta da take zargin baƙuwa ce. Ran Litinin da hantsi ta kwafi dogon jerin haruffan ƙwayar ta liƙa a rumbun bayanai na intanet, inda masu bincike daga ko'ina ke zuba abin da suka karanto a jikin bakteriya don kowa ya gwada nasa da na wasu. Kwamfuta ta ɗan yi jim, sai ga amsa: ƙwayar ta yi daidai da ta wata bakteriya mai zama cikin laka a can ƙasan teku, ɗari bisa ɗari.

Ta daka tsalle har kujera ta kife. Daga ƙasan teku zuwa gindin tumatir! Wa zai ga wannan ya ƙi sa hannu?

Kawu, mai kula da ɗakin gwajin, wanda ya shekara ashirin yana wanke kwalabe da gadin firiza, ya leƙo ta saman tabarau.

"Ɗari bisa ɗari kika ce, 'yata?"

"Ko harafi ɗaya bai kauce ba, Kawu."

"To ni abin da ya tsorata ni ke nan. Abin da aka ara tun zamanin da ai yakan ɗan sake kama. Duba mana waye ya zuba bayanin."

Masu wannan sana'a suna da wani hali: in rumbu ya ba su amsar da ransu ke so, ba sa wahalar da kansu su sauka ƙasan shafi inda ƙananan rubutu suke. Ta sauka. Sunan ɗakin gwajinsu ne a wurin, da na Farfesa, shekara huɗu da suka wuce.

Kawu ya buɗe firiza ya nuna mata hawa na uku. Ga kwalbar lakar teku, ga tata kusa da ita. Ya tuna sarai rana ɗaya aka sa su a injin da ke karanta haruffan. Ke nan ba aro ba ne, ɗaya ce ta gurɓata ɗaya a nan cikin ɗakinsu.

Gaskiyar magana, zuciya ta raya mata ta ja bakinta ta yi shiru, don ba wanda zai duba kafin Alhamis. Amma ta san duk ranar da aka ce mata Dakta sai hawa na uku ya faɗo mata a rai. Ta koma gida ta ɗebo sabuwar ƙasa, Kawu kuma ya fito da wata kwalbar tekun da ba a taɓa buɗewa ba. Ran Laraba sakamako ya fito: ƙwayar tana nan daram a bakteriyar lambu, ta teku kuwa ko alamarta babu. Kuskuren na rumbu ne, wato na Farfesa.

Ran Alhamis ta shiga ofishinsa, ta ajiye masa takardun. Ya karanta, ya cire tabarau. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Shekara huɗu ina yawo taro-taro ina tinƙaho da ƙasan teku, ashe lambun babanki nake talla!"

"Ranka ya daɗe, babin fa?"

"Babin ya mutu. Ki rubuta wa masu kula da rumbun su gyara, sunanki a gaba, nawa a baya. Sai ki yi sabon babi a kan yadda ake kama aron ƙarya irin wannan. Ya fi wancan nesa ba kusa ba. Wata uku ya ishe ki."

Ta tarar da Baba a lambu yana ban ruwa.

"An sa hannu?"

"Ba a sa ba, Baba. Saura wata uku."

Ya tsaya yana kallonta, ruwa na zuba a kan takalminsa. A shekara biyar, yau ce rana ta farko da ta faɗi adadi. Ta kwashe labarin duka ta gaya masa.

"Wato bakteriyar gidana ba ta ari komai a wurin kowa ba?"

"Nata ne, Baba, na gado. Su ne ma suka ɗauki nata."

"Ai na sani. Gidan nan mu muke bayarwa." Ya miƙa mata tiyon. "Riƙe min nan, Dakta, in je in karɓo tsanina."

Ta jira ta ji ya ƙara da Ƙiris ɗin. Bai ƙara ba.