Waƙoƙin da Henry Ya Ƙi Gogewa

…saboda haka, ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa ido da natsuwa har ya iso wannan shafi, ina roƙonka ka tuɓe takalmi, ka nemi gefen tabarma a zauren Malam Iliyasu, tsohon hedimasta a garin Ikara, ka zauna ba tare da dogon gaisuwa ba, gama ba a zauren za mu daɗe ba. Cikin kan mai zauren za mu shiga, kuma can babu irin tsarin da ka saba gani a rubutun ma'abota ilimi. Amma wajibi ne in fara ɗora ka a kan hanya. Malam Iliyasu yana da ɗa, Sadiƙ, wanda a samartakarsa ya haɗa kai da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Tsatsa, masu irin kiɗan nan na jita da ihu da gaggawa wanda Turawa ke kira fank. A bana motar rake ta kife da Sadiƙ a hanyar Makarfi, ya riga mu gidan gaskiya. Ranar sadakar uku iyalinsa suka roƙi jama'a, kamar yadda akan yi idan mawaƙi ya kwanta dama, kowa ya goge waƙoƙinsa daga waya, don kada a riƙa ƙara masa nauyi a kabari. Jama'a suka amsa. Henry kuwa, makaɗin jitar ƙungiyar, sai ya hau babur ya bi rumfunan masu caji da tura waƙa, daga Hunkuyi har Gubuchi, yana kwashe waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba amma suka sulale zuwa rumfunan, kafin a goge su, ya tara su a memori ɗaya. Matar marigayin, Mukarrama, ta kawo ƙara. Ga su nan an zauna bayan la'asar. Yanzu sai ka saurara.

Ɗan abu kamar farce. Shi ke nan? Duk taron nan a kan abin da bai kai farcen babban yatsa ba — baƙi, da ɗan zanen ruwan zinare a gefe, an ɗora shi a faranti, an ajiye farantin a tsakiyar tabarma. Shaida ke nan. Dole a kira shi shaida. Mutum ba ya alƙalanci a shari'ar gidansa, wannan ko ɗan firamare ya sani, kuma ya faɗa musu… amma Abraham, kawun Henry, dattijon coci daga Janfalan, ya ce in ba gaban Hedimasta ba, ba za su zauna gaban kowa ba, Bobbo maƙwabci ma ya gyaɗa kai, ya jingine sandarsa. To. An ɗora masa, ya ɗauka.

Mukarrama tana bayan ƙofar cikin gida, takaba ta hana ta fitowa, muryarta kaɗai ke shigowa. Tana cewa a azumin bara Sadiƙ ya gaya mata in ya riga ta tafiya a sa a goge, ba ya so ana yi masa tambaya a can yana ta ihu a aljihun mutane a nan. Ba ta kuka. Gara da ba ta kuka. Kuka yana ɓata tsarin magana. Henry kuma, kansa a sunkuye, hula a gwiwa, yana cewa a kasuwar Hunkuyi, suna zaune a kan buhuna, Sadiƙ ɗin nan dai ya ce masa waɗanda ba su fitar ba su ne na ƙwarai, kada ya bari su ɓace. Ya rantse da Littafinsu babu wani kwafi a duniya sai wannan, rumfunan duk sun goge bayan ya wuce, Lucky mai ganga ma ya goge nasa. Wa ke ƙarya? Babu. Abin da ke da gajiyarwa ke nan — babu. Yaron tun yana ƙarami haka yake, ya ce wa uwarsa Sabuwa ya ƙoshi, ya zagaya ya ce wa gwaggonsa yunwa yake ji, kuma ka duba idonsa duka biyun da gaske yake…

Sabuwa. Ita ta ce a bar su Sadiƙ su yi kiɗansu a siton bayan gida, ai gara a gida da a tasha. Siton barkono! Rufin kwano, zafin rana, buhunan busasshen barkono har sama, samari na tsalle a ciki suna tayar da yaji, suna tari, suna ihu, ƙara kamar an sako kwanon rufi daga kan mota. Shi kuwa da ya koyar da yara waƙar maci a layi, kowa hannu a gefe, hagu, dama. Ɗan hedimasta. Malamai a ofis suna kawar da kai in ya shigo… Bakin Sadiƙ a rufe yake ranar wankan gawa. An ɗaure haɓa da farin ƙyalle. Ya tsaya ya duba, abin da ya zo masa kawai shi ne: ashe yana rufuwa. Wane irin tunani ne wannan ga uba? Amma shi ya zo, ba wani ba.

Ba a yanke hukunci a kan shaidar da ba a ji ba. Wannan ƙa'ida ce, ba son rai ba. Ƙa'ida ce? Ya dai faɗa, Henry yana sa memorin a waya, da yatsun da suka yi kanta saboda igiyar jita.

"Baba," in ji muryar bayan ƙofa, "duk ji ɗaya ana rubuta masa."

"Wannan jin na kotu ne, 'yata. A kan kotu za a rubuta."

Da wane iko ya faɗi haka? Wa ya naɗa shi mai raba abin da ake rubutawa? Wayar ta riga ta fara. Ƙara. Tari. Ganga kamar ana korar ta. Wani abu a kan takin gwamnati da ke isowa bayan an gama girbi — to, wannan gaskiya ne, an yi haka, ba sau ɗaya ba — sai janareto ya mutu a tsakiyar baiti, wani ya yi ashar, Abraham ya rufe ido. Ta gaba. Wannan waƙar an ɗauke ta a wani biki ne a Kudan, ana jin mata suna cewa a kashe, a kashe, a kawo na rawa. Ta gaba. Babu tsari, babu amshi, babu ko gaisuwa ga masu sauraro. A fara da gudu a ƙare da gudu kamar ɓarawo. Muryar ce dai… a dushe, yaji ya cinye ta. Ba haka yake magana a gida ba. A gida ƙasa-ƙasa, ina kwana Baba, sai ya wuce. Ashe duk sauran muryar a sito ya ajiye ta?

Ƙofar kwano ta bugu a cikin wayar. Kiɗa ya tsaya. Wani tsoho yana magana, a tsaye yake, ana jin tsayuwar a muryarsa: "Wannan ba kiɗa ba ne. Wannan rashin tarbiyya ne mai amfani da lantarki."

Bobbo ya sa bakin rawaninsa ya toshe baki, kafaɗunsa na motsi. Wane ne wannan mai… Shi ne. Shi ne, da rigar barci ta rana, da jarida a hannu, shekarun baya, lokacin gwiwa ba ta ciwo. Ƙofar ta sake buguwa, tsohon ya fita. Sai dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gida, irin ta ina kwana Baba.

"Kar ka yanke, Henry. Tsohon ya fi ni murya."

Daga nan ganga ta shigo a ƙarƙashin maganar, suka maimaita ta, suka sake maimaitawa, rashin tarbiyya ne, rashin tarbiyya ne mai amfani da lantarki, jita na bin ta, Sadiƙ yana amsawa daga baya — amsawa! Shi ne mai bayarwa, ɗansa ɗan amshi. Waƙa guda cur, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ta yi yawo a rumfunan caji, 'yan acaɓa sun ji, wataƙila tsofaffin ɗalibansa sun ji suna gaishe shi da ladabi a hanya. Ya kamata ya ji haushi. Yana neman haushin, kamar mai laluben tabarau… ba ya nan. In zunubi ne, na wa? Wanda ya yi magana ko wanda ya ce kar a yanke? In ana rubutawa, ai da sunansa za a fara, shi kuwa yana da rai, yana da sauran sallolin da zai… A'a. Wannan lissafin yara ne. Mukarrama ba ta yi ƙarya ba, tsoronta na gaske ne, ita ke kwana da shi. Kabari ba aji ba ne da hedimasta zai leƙa ya ce a sassauta wa wannan, ɗana ne.

Ya ɗaga hannu, an kashe. Henry ya zare memorin, ya miƙo da hannu biyu. Shaida tana zama a hannun kotu — ya ji bakinsa yana faɗin haka. Ba nauyi ko kaɗan. Karya shi ba wuya, yatsa biyu sun isa, yanzu, a gaban kowa, yarinyar ta yi barci yau. Ji kuwa sai an roƙi wani. Wayarsa mai maɓalli ce, bai san inda ake zura abin ba, duk wanda ya roƙa kuma ya san abin da ya zaɓa. Shi da ya tsaya bayan liman ranar sadakar uku yana gyaɗa kai. Kar ka yanke… a goge… baki ɗaya ya faɗi duka, kuma an ɗaure shi da farin ƙyalle, ba mai komawa ya tambaye shi wanne ya fi nufi.

"Baba, memorin fa?"

Ya ji ta. Kowa ya ji ta. Rana ta sauko daga bangon zaure, bayansa ya gaji da zaman nan, hannunsa a dunƙule yake a cikin aljihun riga, bai san yaushe ya kai shi can ba, kuma ba ya buɗuwa. Tambaya ɗaya aka kawo masa, ba shi da amsarta, yau ko gobe. Akwai wata ƙarama a gefenta, wadda yake iyawa, irin wadda ya yi shekaru yana iyawa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Henry, ka ji roƙon iyali da kunnenka, ka zagaya ta bayansa. Wannan laifi ne, ko mene ne dalilinka. An ci ka tarar buhun masara ɗaya, ka kai ƙofar masallaci kafin Juma'a, a rabar sadaka da sunan Sadiƙ."